Mutanen Ailan Na Bin Sawun Kakanninsu Da Suka Yi Wa Ingila Tawaye

Mutanen Dablin, babban birnin ƙasar Ailan, suna da wata ba'a da suka daɗe suna yi wa junansu. Sukan ce wai da duk mutumin da jikokinsa ke cewa yana cikin Babban Gidan Waya a makon tawayen 1916 ya shiga gidan nan da gaske, to, da ginin bai ɗauke su ba, sai dai a nemi filin ƙwallo. Ba'a ce, amma akwai gaskiya a cikinta. Masu binciken tarihi da suka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya sun tarar waɗanda suka yi yaƙi a rundunar gidan wayan ba su kai 600 ba. Waɗanda kuma Gwamnatin Ailan ta tabbatar sun yi wani aiki na tawaye a makon nan, a ƙasar baki ɗaya, 2,500 ne da 'yan kai. Amma gidajen da ke da labarin wani kaka da ya riƙe bindiga a ranar ba su ƙidayuwa, a Ailan ɗin kanta, da Ingila, da Ostireliya, da Amurka, inda mutum fiye da miliyan 30 ke cewa asalinsu daga Ailan ne.

A da babu hanyar gane mai gaskiya. Abin da tsohuwa ta faɗa a bakin murhu shi ke nan. Yanzu kuwa an buɗe akwatunan takardu da suka yi shekara da shekaru a kulle, an kuma sa mafi yawansu a intanet kyauta, jikoki da tattaɓa-kunne sun shiga tono. Waɗansu sun sami abin da suka je nema. Waɗansu sun sami abin da ba su taɓa zato ba.

Abin da ya faru a 1916

Ailan tsibiri ne da ke yamma da Ingila. Turawan Ingila sun yi ɗaruruwan shekaru suna juya shi, a 1801 kuma aka haɗe shi da Birtaniya ƙarƙashin majalisa ɗaya a Landan. Mu nan Nijeriya mun san mutanen ƙasar ko da ba mu bambanta su da sauran Turawa ba, domin da yawa daga cikin fada-fada da sistocin Katolika da suka buɗe makarantu da asibitoci a ƙasar nan daga can suka zo, kamar sistocin St. Louis da suka sauka Kano a 1948. Duk Turawa muke ce musu, alhali kuwa su ma a gida ƙarƙashin tutar da muke ciki suka daɗe.

A 1914 majalisar Landan ta zartar da dokar ba Ailan ɗan ƙwarya-ƙwaryar mulkin kai, amma da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke sai aka jingine ta. Waɗansu 'yan kishin ƙasa suka ga ai lokacin da Ingila ke fama da Jamus shi ne lokacin tashi. Ran Litinin ta bikin Ista, 24 ga Afrilu, 1916, mutum dubu da 'yan ɗari suka kame manyan gine-gine a tsakiyar Dablin. Wani malamin makaranta, Patrick Pearse, ya tsaya a ƙofar Babban Gidan Waya ya karanta takardar shelar kafa Jamhuriyar Ailan. Tare da shi akwai James Connolly, shugaban ƙungiyar ma'aikata, wanda ya zo da 'yar rundunarsa ta leburori, da kuma mata na ƙungiyar Cumann na mBan masu jinya da kai saƙo.

Tun kafin a fara abin ya sami tangarɗa. Jirgin ruwan da ya ɗauko bindigogi 20,000 daga Jamus ya faɗa hannun sojan ruwan Ingila, matuƙansa suka nutsar da shi. Mutumin da ya je Jamus neman taimakon, Roger Casement, an kama shi jim kaɗan bayan saukarsa gaɓar teku a gundumar Kerry. Wannan Casement ba baƙon ƙasarmu ba ne. Ya yi wa Gwamnatin Ingila aiki a Kalaba daga 1892 zuwa 1895, sa'an nan ya yi suna a duniya da rahoton da ya rubuta a 1904 a kan azabar da ake gana wa mutanen Kwango saboda roba, daga baya kuma Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma a 1911.

Kwana shida aka yi ana ɗauki ba daɗi. Ingila ta kawo dubban sojoji da igwa, tsakiyar birnin ya kama da wuta, ran Asabar 29 ga wata Pearse ya ba da kai. An ƙidaya gawa 485. Cikinsu 260 farar hula ne da ba ruwansu, 126 sojan Ingila, 82 'yan tawaye, 17 'yan sanda. Wanda aka turo ya kwantar da tarzomar shi ne Janar John Maxwell, wanda ya ja runduna a yaƙin Omdurman na 1898 lokacin da aka karya daular Mahadi a Sudan. Kotunan sojansa suka yanke wa mutum wajen 90 hukuncin kisa. Daga 3 zuwa 12 ga Mayu aka harbe 15, an ɗaure Connolly a kan kujera aka harbe shi don raunin ƙafarsa bai bar shi ya tsaya ba. Casement kuwa aka rataye shi a Landan ran 3 ga Agusta.

Ranar da aka fito da fursunonin ana kora su zuwa bakin jirgi, jama'ar Dablin da dama zaginsu suka yi, musamman matan da mazansu ke bakin daga a Faransa cikin kakin Ingila. Harbe-harben nan ne suka juya zukata. A zaɓen 1918 jam'iyyar Sinn Féin ta cinye kujera 73 cikin 105 na Ailan, aka shiga yaƙin sunƙuru daga 1919 zuwa 1921, aka yi yarjejeniyar da ta ba gundumomi 26 mulkin kansu, 6 na arewa suka zauna tare da Birtaniya. Daga nan makon Ista ya zama tushen ƙasa. Wanda ubansa ya fito a makon yana da abin tinƙaho a wurin neman aiki da neman ƙuri'a, har da neman aure. To, ka ji inda gidan waya ya fara cika.

Gobarar da ta cinye takardun shekara 700

Mai neman kakansa a Ailan, abin da zai fara cin karo da shi toka ce. Yarjejeniyar 1921 ta raba 'yan tawayen gida biyu, masu karɓa da masu ƙi, har ta kai su ga yaƙin basasa. Masu ƙi suka mamaye ginin manyan kotuna na Dablin, suka tara albarushinsu a harabar da Gidan Ajiye Takardun Gwamnati yake. Sojan sabuwar Gwamnati suka buɗe musu wuta da igwar da suka aro daga Ingila. Ran 30 ga Yuni, 1922, wurin ya yi bindiga, takardun wajen shekara 700 suka tashi sama suna sauka a titunan birni a ƙone. Wasiyyoyi, da takardun shari'a, da rajistocin majami'u masu yawa, da ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851, duk suka tafi sai ɓurɓushi. Har yau ana gardamar wanda ya jawo, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗan'uwansa. Ƙidayar 1861 zuwa 1891 kuwa ba wuta ce ta ci ta ba, Gwamnati ce da kanta ta sa aka lalata tun kafin nan.

Abin da ya tsira shi ne ƙidayar 1901 da ta 1911, su ne kuma ƙofar shiga. A takardar kowane gida za ka ga sunan mai gida da na iyalinsa, da shekarunsu, da addininsu, da sana'arsu, da gundumar da aka haife su, da ko suna jin harshen Ailan, da sa hannun mai gidan kansa. Saurayin da ya riƙe bindiga a 1916 yana nan a takardar 1911 yana ɗan makaranta ko yaron shago. Akwai kuma rajistar haihuwa da aure da mutuwa da Gwamnati ta fara yi wa kowa tun 1864, da littattafan baftisma na majami'un Katolika waɗanda Babban Laburaren Ƙasa ya sa hotunansu a intanet a 2015.

Sai dai suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Masu suna Patrick Murphy ko John Kelly a Ailan kamar masu suna Muhammadu Sani ne a Kano. Dole mai bincike ya san gunduma, ya san ɗan ƙaramin yankin da gidan yake, irin yankunan nan kuwa sun fi 60,000 a tsibirin. Daɗin daɗawa, 'yan kishin ƙasa na zamanin sun yi yayin mai da sunayensu zuwa harshen Ailan. Wanda aka yanka wa rago da sunan Edward Kent shi ne Éamonn Ceannt da aka harbe a kurkukun Kilmainham, John McDermott kuma shi ne Seán Mac Diarmada. Mutum ɗaya sai ya fito da suna biyu ko uku a takardu dabam-dabam, akawun kurkuku kuma ya rubuta yadda kunnensa ya ji.

Takardun abokan gaba

Tawaye ba ya ajiye rajista, don rajista ita ce igiyar rataya. Saboda haka waɗanda suka fara rubuta sunayen 'yan tawaye su ne waɗanda suka kama su. 'Yan sandan ciki na Dablin sun yi ta rubuta rahoto kullum a 1915 da farkon 1916 a kan wanda ya shiga shagon taba na Tom Clarke da wanda ya fito, da wanda aka gani a tashar jirgin ƙasa. Rahotannin nan suna nan. Bayan tawayen an kama maza 3,430 da mata 79, jaridu suka buga jerin sunayen waɗanda aka tura kurkukun Ingila. Wajen 1,800 aka tara a sansanin Frongoch a ƙasar Wales, wani tsohon gidan yin barasa da aka taɓa tsare fursunonin Jamus a ciki. A nan ne Michael Collins da ire-irensa suka san juna suka shirya yaƙi na gaba, kafin a sake su wajen Kirsimetin 1916.

A nan ne masu bincike da yawa kan ruɗi kansu. Ganin sunan kaka a jerin waɗanda aka kama ba ya nuna ya yi yaƙi. Maxwell kamun kan mai uwa da wabi ya yi, aka kwaso mutane daga garuruwan da ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Arthur Griffith, wanda ya kafa Sinn Féin, bai shiga tawayen ba amma an tsare shi. Mutane da yawa a kurkukun suka koyi tawaye, ba tawaye ne ya kai su kurkuku ba. Haka kuma akwai waɗanda suka yi yaƙin sosai amma suka sulale cikin taro ranar ba da kai, sunansu bai shiga takardar kowa ba sai bayan shekara ashirin.

Fayilolin fensho

Abin da ya fito da su shi ne talauci. A 1924 sabuwar Gwamnati ta yi dokar ba tsofaffin mayaƙa fensho, amma sai ga wanda ya yi wa sojanta aiki a lokacin yaƙin basasa. Watau wanda ya yi yaƙi a gidan waya a 1916 amma ya ƙi yarjejeniya ba shi da ko anini. Da Éamon de Valera, wanda shi kansa an yanke masa hukuncin kisa a 1916 aka sassauta, ya hau mulki, sai aka yi wata doka a 1934 wadda ta shigo da ɗaya ɓangaren da kuma matan Cumann na mBan. Wajen mutum 80,000 suka nema a ƙarƙashin dokokin nan, waɗanda suka samu ba su kai 20,000 ba.

Neman ba wasa ba ne. Mai nema zai cika takarda ya faɗi rundunarsa, da sunan shugabansa, da inda yake kowace rana. Zai kawo sunayen shaidu, a rubuta musu a tambaye su. Sa'an nan a kira shi gaban alƙalin tantancewa da 'yan kwamitinsa, waɗanda tsofaffin mayaƙa ne su ma, ya yi rantsuwa, a yi masa tambayar ƙwaƙwaf, akawu yana rubuta kome. Wane gini ka tsare? Wa ke kusa da kai? Ka yi harbi? Da wace irin bindiga? Makon Ista kuwa ana lissafa shi a matsayin shekaru na aiki, ba kwana shida ba, don haka a kansa aka fi tsananta bincike. Aka kuma sa tsofaffin shugabannin runduna suka zauna suka rubuta sunayen mutanensu gari-gari.

Duk wannan tarin, fayil ɗaruruwan dubbai, yana Ma'ajiyar Takardun Soja a barikin Cathal Brugha da ke Dablin, an kuma fara sakinsa a intanet a watan Janairu, 2014. A ganina babu wata taska da ta kai wannan daraja a duk abin da mai neman kaka zai taɓa, ba don labarin harbe-harben da ke ciki ba, sai don abin da ya biyo baya. Jika ya shiga neman jarumi, sai ya tarar da wasiƙun wani dattijo da rubutun hannunsa yana roƙon a hanzarta, ba shi da aiki, mai gida zai kore shi, matarsa tana asibiti. Zai ga takardar likita a kan wanda hankalinsa ya taɓu tun bayan yaƙi. Zai ga adireshin New York ko Liverpool, don ƙasar da mutumin ya yi wa yaƙi ba ta iya ci da shi ba. Zai ga uwa tana neman diyyar ɗanta, ɗan sanda ya zo ya ƙidaya kadadar gonarta da shanunta don a ga ko da gaske da shi ta dogara. Waɗannan abubuwa ne da tsofaffin ba su gaya wa 'ya'yansu ba.

Labarin Margaret Skinnider ya isa misali. Malamar makaranta ce daga Glasgow, gwanar harbi, ta zo Dablin ta shiga rundunar Connolly, aka harbe ta wuri uku a makon. Da ta nemi fenshon rauni a 1925 sai aka hana ta, hujjar lauyoyin Gwamnati ita ce kalmar soja a cikin doka namiji take nufi. Sai a 1938 ta samu. A ƙarƙashin dokar 1924 mace ɗaya tak aka ba, Dakta Brigid Lyons Thornton, ita ma don ta yi aikin likita a cikin sojan Gwamnati. Alhali mata wajen 300 suka shiga tawayen. Wadda ta fita da farar tuta cikin ruwan harsashi ta kai wa Ingila saƙon ba da kai mace ce, Elizabeth O'Farrell. A hoton da aka ɗauka tana tsaye gefen Pearse, ƙafafunta da gefen rigarta kaɗai ake gani, a waɗansu bugun ma an goge su. Gidaje da yawa sun shiga neman kaka namiji, suka fito da kaka mace.

Amma fa a yi hattara. Mai neman fensho ba ya rage wa kansa, shaidunsa kuma abokansa ne da su ma ke jiran ya shaide su. Wanda aka hana kuma ba lalle maƙaryaci ba ne. Sau da yawa an yarda ya yi aiki, sai dai aka ce aikin bai kai abin da doka ke kira yaƙi ba, ko shugaban da zai shaide shi ya mutu, ko kuwa gabar yaƙin basasa ta shiga tsakaninsu. Akwai kuma masu taurin kai da suka ce su ba don kuɗi suka yi ba, suka ƙi nema har suka mutu. Irin waɗannan sai a neme su a jerin lambar yabo da aka raba a 1941, ko a littafin da tsofaffin mayaƙan suka sa wa hannu a 1936.

Taska ta biyu ita ce ta Ofishin Tarihin Soja, wanda Ministan Tsaro Oscar Traynor, shi ma ɗan 1916, ya kafa a 1947. Hafsoshi suka yi shekara goma suna zaga ƙasa suna ɗaukar bayani daga bakin waɗanda suka ga abin, suka tara bayani 1,773. Aka zuba su a akwatunan ƙarfe aka kulle, ba a buɗe wa jama'a ba sai 2003, bayan masu maganar sun ƙare. Ko kakanka bai yi magana ba, wani na iya ambatarsa, kwamfuta kuma tana zaƙulo suna cikin ƙiftawar ido. Illarsu biyu ce. An ɗauke su bayan shekara 30 zuwa 40, lokacin da tuni tsufa da karance-karance suka gyara wa mutane tunani. Sa'an nan an tsaya a 1921, ba a taɓa yaƙin basasa ba, manya da dama kuma sun ƙi ba da bayani sam.

Idan kaka ya fito a ɗaya ɓangaren

Ga inda abin kan yi ɗaci. Mutanen Ailan da suka sa kakin Ingila a Yaƙin Duniya na Farko sun kai 200,000. A lissafi, duk wanda ya tona ya fi kusa da samun sojan Sarki a zuriyarsa bisa ga ɗan tawaye, nesa ba kusa ba. A makon Ista ɗin nan kansa, daga 27 zuwa 29 ga Afrilu, Jamus ta saki iska mai guba a kan rundunar 'yan Ailan a Hulluch cikin Faransa, fiye da 500 suka mutu, watau sun fi dukan gawar Dablin. Sojojin da aka fara turawa su yaƙi 'yan tawaye ma da yawansu 'yan Ailan ne. Wanda aka fara kashewa ɗan sanda ne marar makami, James O'Brien, a ƙofar fadar mulki ta Dablin, wanda ya harbe shi kuma, Seán Connolly, bai kai yamma ba.

Gida ɗaya kan rabu. Éamonn Ceannt da muka ambata, ubansa ɗan sandan Sarki ne, wansa William kuwa samanja ne a sojan Ingila, aka kashe shi a Faransa a 1917, shekara guda bayan an harbe ƙaninsa. James Connolly kansa ya yi aikin sojan Ingila a ƙuruciyarsa. Bayan 1922 irin wannan tarihi ya zama abin ɓoyewa. Aka tura lambobin yabo ƙarƙashin akwati, aka sauke hotuna daga bango, wani lokaci ma labarin ya juye, kakan da ya yi yaƙi a 1916 ya zama na gidan waya alhali a ramin daga na Faransa yake. Rajistar 'yan sandan Ailan tana nan a ma'ajiyar Kew kusa da Landan, da tsawon kowane mutum da addininsa da inda aka tura shi. Takardun sojoji kuwa yawancinsu sun ƙone a 1940 da Jamus ta yi wa Landan ruwan bom.

Akwai kuma waɗanda ba su da ɓangare. Yara 40 aka kashe a makon, waɗansu a bakin ƙofa, waɗansu sun fita kallo ko tsintar kaya a shagunan da aka fasa. Kusan shekara ɗari babu wanda ya tara sunayensu, sai da wani ma'aikacin rediyo, Joe Duffy, ya bi su ya buga littafi a 2015. A titin North King sojoji sun kashe farar hula 15 a cikin gidajensu, ba a hukunta kowa ba. A barikin da takardun fensho suke a yau ma, wanda a lokacin ake kira Portobello, wani kyaftin ya sa aka harbe Francis Sheehy-Skeffington, mutumin da ba ya taɓa makami, ya fito ne don ya hana wawashe shaguna.

Kada mai karatu ya zaci maganar ta huce. A 2016 aka kafa bango a maƙabartar Glasnevin aka rubuta sunayen duk waɗanda suka mutu a makon, ɗan tawaye da sojan Ingila da farar hula a jere. Waɗansu jikokin 'yan tawaye suka ce ba su yarda a haɗa kakanninsu da waɗanda suka harbe su ba. Aka yi ta kai wa bangon hari da fenti da guduma, har a 2022 hukumar maƙabartar ta haƙura ta janye shi. A farkon 2020 ma Gwamnati ta shirya taron tunawa da 'yan sandan zamanin Ingila, hayaniya ta sa ta fasa.

Waɗanda ke neman 1798

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka gwada da wahalar wanda labarin gidansu ya koma tawayen 1798. Shi ne babba a jini. Ƙungiyar da Wolfe Tone da abokansa suka kafa a Belfast a 1791 ta so haɗa Katolika da Furotesta su kafa jamhuriya irin ta Faransa. Manoma suka tashi da māsu, aka karya su a tudun Vinegar Hill cikin gundumar Wexford ran 21 ga Yuni. Sojan Faransa wajen 1,000 suka sauka a Killala cikin Agusta, suka ba da kai a Ballinamuck ran 8 ga Satumba. Mafi ƙarancin ƙiyasi shi ne mutum 10,000 suka mutu, waɗansu masana suna ninka wannan sau uku.

A nan babu fensho, babu ƙidaya, littattafan majami'un karkara kuma yawancinsu ba su fara ba sai bayan 1820. Abin da ya rage shi ne takardun fadar mulki ta Dablin, waɗanda suka tsira daga gobarar 1922 don a wani gini dabam suke. Cikinsu akwai shari'o'in kotun soja, da roƙon fursunoni, da wasiƙun 'yan rahoto. Ta irin takardun nan aka san girman cin amanar Leonard McNally, lauyan da ke kare 'yan tawaye a kotu alhali Gwamnati na biyansa yana kai mata sirrinsu, asirinsa bai tonu ba sai bayan mutuwarsa a 1820. Akwai jerin magoya bayan Sarki da suka nemi diyyar dukiyarsu, akwai kuma takardun jiragen da suka kwashi ɗaruruwan fursunoni zuwa Ostireliya, inda waɗansunsu suka sake tayarwa a Castle Hill a 1804. Mutumin Sydney ya fi mutumin Wexford samun sunan kakansa a rubuce, don wanda aka kora an rubuta shi, wanda aka kashe a gona an tura shi rami ne kawai.

Ga talakan da ya riƙe mashi ya mutu ko ya koma gida ya yi shiru, sai a koma ga baki. Tsakanin 1937 da 1939 Hukumar Tara Al'adun Gargajiya ta Ailan ta sa yara fiye da 50,000 a makarantun firamare 5,000 suka je wurin tsofaffin garuruwansu suka rubuto abin da suka ji. Tsoho mai shekara 80 a lokacin yana iya zama ya zauna da wanda ubansa ya ga 1798 da idonsa. Yaran suka rubuto inda aka rataye wane, da maƙerin da ya ƙera māsu, da gonar da ba a nomawa don akwai mutane a ƙarƙashinta. A ƙarshen labari sukan sa sunan tsohon da ya faɗa, da shekarunsa, da ƙauyensa. Littattafan nan suna jami'ar University College Dublin, an ɗauki hotunansu an sa a intanet, ana iya neman suna ko ƙauye a cikinsu.